Kafin a rushe tsohon gini: abin koyi daga Dandaji

'Yan uwa, duk lokacin da jama'ar unguwa suka tara kuɗin gini, shawarar da ta fi saurin fitowa ita ce a rushe tsoho, a zuba siminti, a rufa kwano. To, kafin mu ɗauki diga, bari mu dubi abin da aka yi a Dandaji, wani gari na jihar Tawa a Nijar.

Masallacin Juma'ar garin na ƙasa ne, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin nan da masallacinsa na Yama ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Da ginin ya tsufa, kuma ya yi wa jama'a kaɗan, sai aka yi niyyar rushe shi. Nan ne wasu mata biyu masu zanen gine-gine, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a kusa da shi. Aka gama aikin a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. Sabon masallacin yana ɗaukar mutum wajen 1000.

Me wannan tsari ya ƙara wa garin? Na farko, sanyi. An yi ginin da bulon jar ƙasa da aka haƙo a kusa, aka matse da inji. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, sai dare ya yi ta sake shi, shi ya sa cikin ɗaki bai cika yin zafi da azahar ba. Ga rufi mai tsawo, wanda iska mai zafi take hawa ta fita. Kwano kuwa, kun san halinsa a watan Afrilu: dole sai fanka, fanka kuma sai da wuta.

Na biyu, haɗa jama'a. Da yake masallaci da ɗakin karatu haraba guda suke, wanda ya zo salla yana iya tsayawa ya duba littafi, ɗalibi kuma in an kira salla taku kaɗan ne. Mata da yara ma sun samu wurin zuwa ɗaukar darasi. Kun ga ashe inda aka sa ƙofa da hanya yana da hannu a kan wa zai shigo, wa zai tsaya a waje.

Na uku, sana'a. Maginan da suka san tsohon ginin an kira su cikin aikin gyara, suka koyi sabbin dabaru, su ma suka koyar da nasu. Wani kaso na kuɗin da za a kai wa masu sayar da siminti ya tsaya a hannun 'yan gari.

Gaskiya ginin ƙasa yana son kulawa. In ba a yi masa tushe mai ƙarfi da indararo mai kyau ba, damina za ta ci gindinsa. Don haka a nemi wanda ya san aikin tun daga farko.

Saboda haka idan kwamitin unguwarku ya zauna kan maganar gini, ko masallaci ne, ko makaranta, ko kasuwa, a yi waɗannan tambayoyi: ina inuwa za ta faɗi da la'asar? Ina ruwan sama zai bi, kada ya shiga gidan maƙwabci? Tsoho mai sanda zai iya shiga? An bar fili don itatuwa? An ji ta bakin mata? Amsa su a kan takarda ya fi araha a kan fasa katanga daga baya.

Allah Ya sa mu gina abin da jikokinmu za su amfana da shi. Amin.