Ko Kun Sani? Bindigar da Ta Juya wa Yunfa

Ko kun san cewa ɗaya daga cikin harbe-harben da suka fi shahara a tarihin Gobir bai sami wanda aka nufa ba? A Alƙalawa aka yi shi, tsohuwar hedikwatar Gobirawa da kufanta ke yankin Sabon Birni. Gab da hijirar Shehu Usman ɗan Fodiyo ta 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya kira shi fada, ya ɗana masa bindiga, sai wutar ta dawo kan Yunfa. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda yake wurin, ya rubuta labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Jama'ar Shehu sun ɗauke shi kariyar Allah.

Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura mata albarushi, da kimanta ido. In ya yi laima ta ƙi tashi, in ya yi yawa ta ci mai ita. Maharba masu adaka sun san haka har gobe. Shi ya sa 'yan gasar harbi a Amurka da Turai masu ɗura harsashinsu da kansu ke auna albarushi da sikeli, da ma'aunin da bai wuce kashi ɗaya cikin 7,000 na nauyin fam ɗaya ba.

Alƙalawa ta faɗi a hannun jama'ar Shehu a 1808, Yunfa ya mutu a yaƙin.