Gudummawa Ta Kuɗin Kirifto: Wa Ke Riƙe Da Makulli?

Hasumiyar Gobarau ta shafe ƙarnuka tana tsaye a tsakiyar birnin Katsina, kuma tun kaka da kakanni jama'ar da ke kewaye da ita sun san ƙa'idar dukiyar al'umma, watau ba a ƙirga ta sai a gaban shaidu. Yanzu da mazauna ƙetare ke iya aiko da taimakon marayu ko na gyaran masallaci ta kuɗin kirifto, ƙa'idar ta ƙara nauyi, domin wanda ya riƙe makullin asusu shi kaɗai yana iya kwashe kome cikin ƙiftawar ido, kuma abin da ya fita ba ya dawowa.

A watan Oktoba na 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, ƙungiyar Feminist Coalition ta koma karɓar Bitcoin bayan hanyar banki ta toshe mata. Jimlar gudummawar da ta samu ta haura Naira miliyan 147, tana kuwa bayyana lissafi a kai a kai. Duk da haka, a watan Maris na 2021 jama'a suka hango an fitar da wasu kuɗi daga asusun, sai da ƙungiyar ta fito ta yi bayani.

Dalili kuwa shi ne, kundin kirifto yana nuna fitar kuɗi, amma ba ya nuna abin da aka saya da su. Saboda haka ya kamata kwamitin agaji ya buɗe asusu mai makullai uku a hannun amintattu uku, wanda ba ya sakin kwabo sai biyu sun yarda. Sa'an nan a shelanta adireshin asusun, a ajiye rasiɗai, mai binciken lissafi daga waje ya duba.