RSS: Yadda sabbin labarai za su riƙa zuwa inda kake

Ga mai bin labarai ta wayar salula a Birnin Kudu ko Gwaram a kudancin jihar Jigawa, kowane shafin intanet da ya buɗe kuɗi ne ke fita daga aljihunsa.

A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ga shi kuma a ƙauyukan da ke nesa da babbar hanya sabis kan yi rauni, har mutum ya gaji da jiran shafi guda ya buɗe.

Sai dai akwai wata tsohuwar hanya da ke rage wannan ɗawainiya, wadda ake kira RSS.

Mene ne RSS?

Sunan ya fito ne daga harufan farko na wasu kalmomin Turanci uku da ke nufin hanya mai sauƙi ta rarraba labarai.

Shafukan labarai da dama na da wani ɗan jeri na musamman da ke ɗauke da kanun sabbin labaransu, da taƙaitaccen bayani, da lokacin wallafawa, da adireshin cikakken labarin. Da zarar an saka sabon labari, sai jerin ya sabunta kansa.

Abin da mai karatu ke bukata shi ne manhajar da ke karanta irin wannan jeri. Ita ce za ta riƙa zagayawa shafukan da ya zaɓa, ta tattaro masa abin da ya shigo sabo a wuri guda, tamkar yaron da aka aika kasuwa da takardar cefane.

Kamfanin Netscape na Amurka ne ya fara fito da tsarin a 1999, sannan a 2002 wani masanin kwamfuta, Dave Winer, ya fitar da samfurin RSS 2.0 da har yanzu ake amfani da shi.

Kamfanin Google ya buɗe manhajarsa ta Google Reader a 2005, ya kuma rufe ta ranar 1 ga watan Yulin 2013. Mutane da yawa sun zaci ƙarshen RSS ke nan, amma manhajoji irin su Feedly da Inoreader sun ci gaba da aikin. Hasali ma, da wannan tsari ne ake rarraba akasarin shirye-shiryen sauraro na podkas.

Yadda ake farawa

Da farko sai ka sauke ɗaya daga cikin manhajojin a wayarka ko kwamfutarka. Yawancinsu na da sashen da ba a biyan ko kwabo.

Daga nan sai ka rubuta adireshin shafin da kake so a gurbin bincike, manhajar ta nemo jerin da kanta. Wasu shafukan kan nuna wata alama mai launin ruwan lemo da ɗigo da layuka biyu masu lanƙwasa. A shafukan da aka gina da WordPress kuwa, ƙara /feed a ƙarshen adireshin kan wadatar.

Yana da kyau ka kasa su gida-gida: na labaran ƙasa, na noma, na lafiya, na guraben karatu.

Likita ko ma'aikaciyar jinya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, alal misali, na iya yin bincike kan zazzaɓin cizon sauro a rumbun mujallun likitanci na PubMed, su mayar da binciken jerin RSS. Duk sabon rahoton da ya fito kan cutar zai iske su ba tare da sun sake nema ba.

Malamin makaranta a Gwaram kuma zai iya sauke kanun labarai lokacin da ya samu sabis mai ƙarfi, ya karanta daga baya, domin wasu manhajojin na ajiye rubutun a cikin waya.

Bambancinsa da shafukan sada zumunta

A Facebook da makamantansa, na'urar kamfanin ce ke zaɓen abin da za ta nuna maka, bisa abin da take ganin zai daɗe da riƙe hankalinka. A RSS kuwa kai ne ke zaɓen majiyarka, labaran kuma za ka iya jera su bisa lokacin da aka wallafa su.

Haka kuma tsarin ba mallakin kamfani guda ba ne. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, waɗanda suka dogara da shi kaɗai sun rasa hanyar samun labari, alhali shafukan jaridun na nan suna aiki. Haka abin ya kasance ranar 4 ga Oktoban 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp suka ɗauke na kusan sa'o'i shida a duk duniya.

Abin lura

Ba kowane shafi ne ke da RSS ba, wasu kuma kanun labari kawai suke bayarwa, sai ka buɗe shafin kafin ka karanta sauran.

Sannan RSS ba ya tantance gaskiya. Idan ka saka shafin da ke yaɗa jita-jita, jita-jitar zai riƙa kawo maka a kan kari.

Saboda haka ya fi dacewa ka fara da shafuka biyar ko shida da ka amince da su. Bayan mako biyu, wanda ka ga ba ka karanta shi, sai ka cire.