Ƙarfe da Tangaran: Sabuwar Fasaha Mai Tsohon Tushe a Ƙasar Daura

Duk wanda ya san tarihin Daura ya san ƙarfe ba baƙo ba ne a cikinsa. Masu ba da labari sun ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajidda makamin da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da shi. Tangaran kuwa baƙo ne, fatake ne suka kawo shi, mata suka karɓe shi hannu biyu suka ɗora a jeren ɗaki kusa da tasoshi. To, a zamanin nan masu fasaha na ƙasashen duniya sun tashi haiƙan wajen gama abubuwan nan biyu a aiki guda, ba don ci ko sha ba, sai don kallo da tunani. Ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan masarauta su san yadda al'amarin yake.

Asirin aikin yana ga haske. Baƙin ƙarfe haɗiye haske yake yi. Tagulla da azurfa, in an goge su, mayar da shi suke yi har ya kashe ido. Amma tangaran na ainihi, in ya yi sirara, haske yakan ratsa shi, kowa ya ɗaga ƙaramin kofi ya dubi rana zai ga inuwar yatsunsa ta ciki. Saboda haka in gwani ya ajiye su tare, kamannin aikin da hantsi dabam, da la'asar dabam, da fitila kuma dabam.

Gama su kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Ana yin tangaran da farar ƙasa da garin waɗansu duwatsu, a gasa shi a wuta mai zafin awo wajen 1,300. Jan ƙarfe yana narkewa tun a awo 1,085, watau ba zai jimre wa wutar nan ba. Ban da wannan, tangaran yakan tsuke da fiye da kashi 10 cikin 100 sa'ad da ya bushe ya gasu. Don haka tilas a gama kowanne dabam, maƙeri ya auna mazauni daidai da abin da wuta za ta bari, kana a harhaɗa. In lissafi ya kuskure, ƙarfe ya matse tangaran, sai ya tsage, aikin watanni ya tashi a banza. Mutanen Sin ne suka fara gano wannan sana'a, Turawa kuwa ba su iya ta ba sai da aka kafa masana'antar Meissen a Jamus a 1710.

Ga misali daga Ingila. A 2009 wani gwani mai suna Edmund de Waal ya jera tangaran 425 a kan wata kanta ta sanholo mai jan launi, wadda ta kewaye cikin ƙubbar gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a London. Mai kallo sai ya ɗaga kai ya hangi fari a kan ja. Bahaushe ya ga wannan ba zai yi mamaki ƙwarai ba, gama maginanmu na dā sukan kafa tasa ko faranti a tsakiyar daurin guga, domin ya kama ɗan hasken da ya shigo soro. Amarya kuma da ta jera tasa kusa da tangaran, ai ilmin nan ne take aiki da shi, ko da ba a makaranta ta koya ba.

A nan Nijeriya ma an yi nisa. Baturen nan Michael Cardew ya kafa makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu. Ladi Kwali ta shiga a 1954, ta riƙa gina tulunan gargajiya da hannu, ana shafa musu ruwan ƙyalli ana gasawa a wuta mai tsanani, har aka nuna aikinta a London a 1958. Ta rasu a 1984, hotonta kuwa shi ne a bayan takardar naira 20. Ta wajen ƙarfe kuma akwai El Anatsui, mutumin Gana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975. Yana daddaƙe murafun kwalabe, ya ɗinke su da wayar jan ƙarfe, su zama kamar ƙaton bargo mai walƙiya. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venice na Italiya.

Wani zai ce, ina ruwan Musulmi da sassaƙa? Amsa ita ce, da yawa daga cikin ayyukan nan ba surar mutum ko dabba ba ne. Zubi ne da launi da haske, kamar dagi a bangon fada ko zayyana a allo.

Kayan aiki kuwa ba su yi mana nisa ba. Akwai farar ƙasa a Ƙanƙara cikin Jihar Katsina. Maƙeran baƙi da maƙeran fari suna nan a ƙasar Daura, mata masu ginin tukwane kuma ba su ƙare ba. Abin tsoro shi ne kayan roba da na kanti sun cika kasuwa, 'ya'yan masu sana'a da yawa suna barin zuga-zugi da uwar maƙera. In tsoho ya tafi bai koyar ba, ilminsa ya bi shi kabari.

Saboda haka muna roƙon malamai su riƙa kai yara maƙera da wurin masu tukwane, su ga yadda wuta take sarrafa ƙarfe da yumɓu. Ma'aikatan masarauta kuma su rubuta sunayen gwanayen kowace gunduma da irin aikinsu, a keɓe musu rumfa lokacin Sallar Gani, inda baƙi za su gani su saya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa albarka a sana'ar hannu, amin.