FASHIN BAƘI: Nawa dila da shirwa ke ci wa masu kaji da zabi a Bagwai?

A ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Bagwai ta Jihar Kano, kaza da zabuwa su ne asusun gida. Idan yaro ya kwanta ciwo ko kuɗin makaranta ya taso, su ake kamawa a kai kasuwa, kuma akasarin kajin na mata ne. Wannan asusu yana yoyo ta hannun dila da yanyawa da muzuru da tunku, da kuma shirwa da shaho. Kowa ya san da ɓarnar, amma ba a cika zama a yi mata lissafi ba.

A Birtaniya an mayar da irin wannan lissafi sana'a. Masu gandayen farauta na can suna kiwata tsuntsaye dangin fakara, su saki fiye da miliyan 30 duk shekara domin attajirai su biya kuɗi su harbe su. Waɗanda ake harbewa ba su kai rabi ba. Binciken da aka yi ta hanyar ɗaura wa tsuntsayen na'urar bin sawu ya nuna jan dilan Turai, ɗan'uwan yanyawa, yana kan gaba wajen cinye su, musamman a makonnin farko bayan an sake su. Mai gandu yana tara kuɗin tsako da abinci da magani da albashin mai gadi, ya raba a kan tsuntsayen da suka rayu har ranar farauta. Duk wanda dila ya ɗauke, ya ƙara wa sauran tsada.

Haka abin yake a Bagwai, ko da ba a rubuta ba. Ɗauki misalin matar da ta sayi ƙwan zabi 12 ta sa wa kazarta ta kwanta a kai. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi ya ƙyanƙyashe, na zabuwa kuwa 26 zuwa 28. Idan 10 suka fito, aka rasa shida kafin su yi ƙwari, kuɗin ƙwai da gero da dusar da ta kashe sun koma wuyan huɗun da suka rage. Ga kuma ƙwan da kazar ta daina yi tsawon kwanci da reno, ga kuɗin da zabi shida za su kawo a kasuwar Bichi daf da Sallah. Idan uwar ce aka kama da dare, an yi asarar jari da riba gaba ɗaya.

Yanayin yankin ma yana da hannu. Ƙasar Bagwai gona ce a jikin gona, daji ya yi ƙaranci, don haka namun da suka rage su ne ƙanana masu iya zama kusa da mutane. Da damina zabuwa ke saka ƙwai, kuma a ɓoye take yi cikin ciyawa ko gindin shinge, daidai lokacin da gero da dawa suka yi tsawon da tunku zai iso bayan gida ba a gan shi ba. Bayan girbi fili yana buɗewa, 'yan tsaki su rasa mafaka daga shaho. A kewayen madatsar ruwa ta Watari kuma, noman rani yana tara ɓeraye, su kuma su jawo masu cin su.

Dila dai sunansa ya riga ya ɓaci, har abin da bai ci ba a kansa ake ɗorawa. Karen gida da maciji da ɓarawo mai ƙafa biyu duk suna da kasonsu. Binciken kiwon kajin karkara a ƙasashen Afirka ya sha nuna cutar Newcastle ce babbar mai kisa, namun daji na biye. Kazar da cuta ta raunana ita ce mafi sauƙin kamu. Wanda bai rarrabe musabbabin asararsa ba zai kashe kuɗi a tarko alhali allura yake buƙata.

Zuba guba a mushe kuwa gyaran gangar auzinawa ne. Tana kashe karnuka da ungulaye, kuma tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ungulun da aka saba gani a mayankan ƙasar Hausa cikin halittun da ke daf da ƙarewa. Abin da ke aiki ba shi da tsada: akurki mai ƙofa da ake rufewa da magariba, kife 'yan tsaki da kwando a makonnin farko, kwashe ƙwan zabuwa kullum a bar mata kaɗan, da rigakafin da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take sarrafawa.

Nan ne maganar ta shafi masu mulki. Lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006, Gwamnatin Tarayya ta biya diyyar kajin da aka hallaka, domin akwai jami'an da suka ƙirga su. Mai kaji bakwai a bayan ɗaki ita ke ɗaukar asararta ita kaɗai. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, ga hukumar KNARDA a Kano, ga sashen gona a kowace ƙaramar hukuma. Matasan Bagwai na da damar tambayar kansila da shugaban ƙaramar hukuma: malaman gona nawa ke zuwa mazaɓarsu, kuma nawa aka ware wa rigakafin kaji a kasafin bana? Kafin amsa ta zo, littafin rubutu guda a kowace unguwa, mai ɗauke da rana da adadi da abin da ya kashe kazar, ya isa ya zama hujjar da za su shiga da ita sakatariya.