Sabon Ɗan Aike Na Ango Da Amarya

A watan Disamba na 2023 muka tafi ɗaurin auren wata tsohuwar ɗalibarmu. An buga katin gayyata tun da sauran wata biyu, amma daga baya aka sauya zauren liyafa. Mutanen cikin gari sun ji labari, amma dangin uwar amarya waɗanda suka cika mota daga ƙauye ba su ji ba. Hanya ta tsare su, ba su sami sujada ba, sai suka wuce kai tsaye zuwa zauren da aka rubuta a kati, suka tarar da ƙofa a rufe. Suka yi ta kiran ango da iyayen amarya, amma wa zai ji ƙarar waya cikin kiɗa? Kafin a same su la'asar ta yi, an gama raba abinci. Samari biyu a cikin motar nan suna riƙe da wayoyi masu shiga intanet. Da akwai wuri guda da za su duba, da kakar amarya ba ta yini a bakin titi ba.

Wannan shi ne amfanin shafin biki a intanet. Wuri ne guda inda ango da amarya za su rubuta dukan abin da baƙo yake bukatar sani. Kati in an buga shi ke nan, amma shafi ana iya gyara shi ko da safiyar ranar biki.

Yadda Ake Buɗe Shi

Ba sai an biya kowa ba. Duk mai adireshin Gmail yana iya buɗe shafi kyauta a Google Sites, ya rubuta da Hausa ko Turanci ko duka biyu. Akwai kuma kamfanonin Amurka da aikinsu ke nan, kamar The Knot wanda aka kafa a 1996, da Zola, da Joy. Suna ba da shafi shiryayye, sai dai an tsara shi bisa al'adarsu, inda amarya takan jera kayan da take so a saya mata a kanti. A ɗauki abin da ya dace da mu, a bar sauran.

Kada a yi hanzarin sa rana. Dokar Aure ta Nijeriya ta ce sai sanarwa ta yi kwana 21 a ofishin rajista kafin a ba da takardar izini, kuma auren majami'a ana ɗaura shi tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, ƙofa a buɗe, a gaban shaidu biyu ko fiye. Sai iyaye da fasto da ofishin rajista sun daidaita, sa'an nan a rubuta rana.

Abin Da Za A Rubuta

Bari mu sa kanmu a matsayin baƙon da zai taso daga nesa, bai san garin ba. Yana so ya san rana da sa'a, da sunan majami'a, da zauren liyafa. A ba shi kwatance irin namu: daga tasha a hau keke zuwa wuri kaza, majami'ar tana bayan makarantar firamare. A haɗa masa da alamar wurin a Google Maps. A faɗa masa inda zai kwana, da launin anko idan an fitar.

A sa kuma 'yar takardar amsa ta Google Forms, domin mai zuwa ya rubuta sunansa da yawan waɗanda za su biyo shi. Matan zumunta da suke tsaye a kan tukwane su ne za su fi kowa godiya, gama za su san mudu nawa na shinkafa za a auna. Lalle ba kowa zai amsa ba, saboda haka a ƙara a kan lissafin.

Hoto ɗaya ko biyu ya isa. Hotuna masu yawa suna cinye kuɗin data, a ƙauye kuwa inda sabis ba shi da ƙarfi shafin ba zai buɗe ba sam. A aika da adireshin shafin ta WhatsApp, a kuma buga shi a jikin kati tare da 'yar alamar nan mai kusurwa huɗu da ake kira QR, wadda waya take karantawa.

Abin Da Ba Za A Rubuta Ba

Mu tuna ba masoya kaɗai suke karatu ba. Kada a sa kwatancen gidan iyaye, ko sa'ar da ayarin amarya zai kama hanya, ko lambar wayarta. Ranar biki gida yakan zama babu kowa, ɓarawo kuwa ya san haka. Lambar asusun banki ma a ba wanda ya tambaya kaɗai, domin mazambaci yana iya kwafe hoton ango da amarya ya sa tasa lambar, ya bi dangi yana karɓar gudummawa. Kamfanonin nan na Amurka suna barin a kulle shafi da kalmar sirri, Google Sites kuma yana da wurin da za a nemi kada shafin ya fito wa masu bincike. A zaɓi mutum ɗaya mai aminci cikin abokan ango ya riƙe shafin, ya amsa waya ranar biki.

Manya Fa?

A nan ne muke jin tsoro ga 'yan'uwanmu matasa. Mun ga wanda ya aika wa kawunsa adireshin shafi ta waya, yana tsammani ya gama gayyata. Kawun bai zo ba, maganar kuwa har yau ba ta mutu a gidan ba. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Kawu da gwaggo da kakanni da dattawan ekklesiya, sai a je gidajensu, a durƙusa a gaishe su, a miƙa kati hannu da hannu. Bayan haka a nemi ɗa ko jika a gidan, a ba shi adireshin shafin, a roƙe shi ya duba daren jajibere da safiyar ranar, ya karanta wa tsofaffi abin da ya gani.

Sa'ad da biki ya watse, a rubuta godiya a shafin, a bar shi mako biyu ko uku, sa'an nan a rufe. Waɗanda aka je gidajensu da kati kuwa, a koma da ƙafa a yi musu ban gajiya.