Ko Kun Sani? Tsoron Psycho Tun Daga Rubutun Sunaye Yake Farawa

A fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock, wanda ya fito a Amurka a 1960, gaban ɗan kallo yakan fara faɗuwa tun kafin ya ga fuskar kowa. Saul Bass ne ya tsara rubutun sunayen da ke farkon fim ɗin. Layuka masu launin toka suna shigowa kan baƙin allo, wasu a kwance wasu a tsaye, su jawo suna, sannan su tsaga shi gida-gida. Har sunan fim ɗin sai da aka tsaga. Wanda ya kalla zuwa ƙarshe zai gane dalili, don labarin mutum ne mai hankali rabe biyu.

Kiɗan kuwa Bernard Herrmann ne ya shirya shi da kayan tsirkiya kaɗai, dangin goge na Turawa, babu ganga babu abin busa. Sautin yana sara da sauri, ba ya barin numfashi ya daidaita. A ganina, rabin tsoron yana cikin gogen nan.

Hitchcock ya kuma sa gidajen sinima su hana kowa shiga da zarar an fara haska fim ɗin, don haka duk mai kallo tun daga rubutun sunayen yake farawa.